Idan Ido Ya Ji Rauni: Yadda Ake Gane Kumburin Ciki da Yadda Ake Jinyarsa

A kakar bara ɗan ƙanena, saurayi mai sana'ar kabu-kabu a cikin garin Katsina, yana ɗaure buhun gero a bayan babur da irin robar nan da ake yankowa daga tsohuwar taya, sai robar ta kuɓuce daga hannunsa ta dawo ta doke shi a idon dama. Ya dafe wurin na ɗan lokaci, hawaye ya zuba, aka yi masa sannu, ya hau babur ya ci gaba da nemansa. Washegari fatar idon ta ɗan tasa, amma tunda yana gani, kowa a gidan ya ce da sauƙi. A rana ta uku na shiga gidan da hantsi na tarar da shi a ƙuryar ɗaki, ya sa an rufe taga da zane, ya kifa fuska a kan gwiwa, ko hasken wayarsa ba ya iya kallo. Da na tambaye shi yadda yake ji, sai ya ce, “Baba, ciwon ba a waje yake ba, can ciki nake jin sa, har cikin kaina.” A gefen tabarmarsa akwai 'yar kwalbar maganin ɗigawa da aka sayo a kemis, domin wani ya ce afolo ne.

A ranar muka kai shi wurin likitan ido, aka tabbatar cewa kumburi ne ya tashi a cikin idon sakamakon bugun robar, kuma Allah ya sa ba mu makara ba, domin cikin mako biyu ya warke ya koma kan babur ɗinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwana biyun nan da muka yi muna cewa da sauƙi. Raunin ido yana da wannan hali na yin shiru a ranar farko sannan ya tashi daga baya, a lokacin da mutane suka riga suka saki jiki, kuma a tsakanin waɗannan kwanaki ana iya rasa ido bayan rauni, ko dai saboda jinkiri ko saboda abin da aka zuba a ciki.

Abin da ke faruwa a cikin idon

A gaban ƙwayar ido akwai wani tantani mai haske kamar gilashi, wanda shi ne hannu yake taɓawa idan aka tsone ido. A bayansa akwai ɗan fili cike da ruwa garai, sannan sai baƙin ido, wanda a haƙiƙa tsoka ce mai taushi, cike da ƙananan jijiyoyin jini, tana da 'yar ƙofa a tsakiya da take tsukewa idan haske ya yi yawa, ta buɗe idan an shiga duhu. Idan wani abu ya daki ido da ƙarfi, ko da bai huda shi ba, ƙwayar takan matse ta dawo cikin ƙiftawa, sai wannan tsoka ta ƙuje, jijiyoyinta su fara yoyon fararen ƙwayoyin jini zuwa cikin ruwan nan mai tsabta. Yoyon ba ya taruwa nan take, shi ya sa alamomin sukan bayyana daga awa 24 zuwa kwana 3 bayan bugun. Kuma da yake aikin tsokar shi ne motsi duk lokacin da haske ya sauya, kowane haske da ya shiga tamkar a tilasta wa mai targaɗe ne ya taka ƙafarsa. Likitoci suna kiran wannan kumburi airaitis, wani lokaci kuma yubiyaitis.

Akwai wasu abubuwa biyu da suke kama da shi idan aka duba daga waje. Na farko shi ne miki a kan tantanin gaban ido, wanda yakan biyo bayan ƙarzanewa da kara, ko ganyen dawa, ko ƙaiƙayi lokacin sussuka da shiƙa, idan ƙwayoyin cuta suka samu hanyar shiga. Na biyu, wanda ya fi duka haɗari, shi ne ruɓewar cikin ƙwayar ido bayan wani abu mai tsini ya huda ta. Duka ukun suna zuwa da jan ido da hawaye da gudun haske, amma maganin da yake warkar da na farko shi ne yake iya lalata ido idan na biyu ne. A kan wannan batu dukkan shawarar da ke ƙasa ta ginu.

Sa'ar farko bayan rauni

Tambayar farko ita ce: mene ne ya shiga ko ya daki idon? Idan sinadari ne, kamar garin siminti, ko farar ƙasa, ko sodar da ake haɗa sabulu da ita, ko ruwan batir, ko maganin feshin gona, ko dafin da kumurci yake tsartowa, to ba a jiran mota kuma ba a jiran likita. A kwantar da mutum, a buɗe fatar idon da yatsu ko da yana ƙi, a riƙa kwarara ruwa mai tsabta daga buta ko ledar ruwa ba tsayawa na aƙalla minti 20, yana juya idon sama da ƙasa, a kuma karkata kansa yadda ruwan ba zai gangara cikin ɗaya idon ba. Siminti da soda sun fi ruwan batir ɓarna, domin suna ci gaba da cin nama suna nutsewa ciki muddin akwai ragowarsu a ƙarƙashin fatar ido. Bayan an gama wankewa sai a tafi asibiti, a tafi da kwalba ko buhun abin idan zai yiwu.

Idan kuwa akwai alamar an huda ƙwayar idon, dokar ta juya gaba ɗaya: ba a wankewa, ba a dannawa, ba a cire abin da ya kafe, ba a ɗiga komai. Ana zargin huda idan ƙusa ce ko waya ko tsinke ko fasasshen gilashi ya yi raunin, ko aka ga 'yar ƙofar tsakiyar ido ta ja gefe ta yi tsini kamar ɗigon ruwa, ko wani baƙin abu ya leƙo a kan farin ido, ko idon ya yi kamar ya sace. A samu kofin roba ko gindin gorar ruwa a yanke, a kifa a kan idon yadda bakinsa zai zauna a kan ƙashin gira da ƙashin kunci ba tare da ya taɓa ƙwayar ba, a manne da filasta. Kada a ba mutumin abinci ko ruwa, saboda mai yiwuwa a yi masa aiki a ranar, kuma ɗinke irin wannan rauni cikin awa 24 yana rage haɗarin ruɓewa ƙwarai. A nan ina son in ja hankalin maƙera da kanikawa da masu fasa dutse: idan kana dukan ƙarfe da ƙarfe ka ji wani abu ya ɗan tsarge ka a ido, ka je a duba ko da ciwon ya lafa, domin ɓarɓashin ƙarfe mai gudu yakan ratsa ciki ya bar ƙofar da ido ba ya iya gani.

Idan bugu ne kawai, irin na ƙwallo, ko dutsen danƙo, ko bakin bulala, ko itacen da ya yi tsalle wajen faskare, ko ƙahon dabba, ko harsashin bindigar wasan da yara suke saya da sallah, a naɗe ledar ruwa mai sanyi a cikin tsumma mai tsabta a ɗora a hankali a kan gira da kunci na minti 10 zuwa 15, ba tare da danna ƙwayar ba. A sha farasitamol idan akwai ciwo. A guji fyace majina da ƙarfi, domin ƙashin da ke tsakanin ramin ido da hanci siriri ne, idan ya tsage iska takan shige ta kumbura fatar ido nan take. Ra'ayina shi ne duk bugun da ya kai mutum ga dafe ido ya durƙusa ya cancanci a duba shi a asibiti a ranar ko washegari, ko da yana gani sarai.

Gwajin da za a yi a gida safe da yamma

Ko an je asibiti ko ba a samu zuwa ba, a riƙa yin wannan dubawa sau biyu a rana har kwana 5, domin ba ta cin minti biyar. A rufe lafiyayyen idon da tafin hannu, a sa mai raunin ya karanta rubutun waya ko na kalanda daga nisan da ya saba, ko ya ƙirga yatsu daga ƙofar ɗaki, sannan a gwada ɗaya idon a kwatanta. Mutane da yawa ba su san ganinsu ya ragu ba sai sun rufe ido ɗaya, saboda lafiyayyen yana rufa wa mai ciwon asiri.

Daga nan a shiga inuwa a haska tocila daga gefe, a kwatanta ƙofofin tsakiyar idanun biyu. A idon da ya kumbura daga ciki ƙofar takan fi ƙanƙanta, ko ta yi nauyin motsi, wani lokaci kuma bugun yakan bar ta a buɗe fiye da ta ɗaya. A lura da inda jan ya fi yawa. Jan afolo yakan bazu ko'ina har cikin fatar ido, da kwantsa mai manne gashin ido da safe, da ƙaiƙayi, kuma sau da yawa akwai wani a gidan da yake fama da shi. Jan kumburin ciki kuwa yakan yi zobe ne a kewayen baƙin ido, hawayensa ruwa ne tsinkakke ba kwantsa, ciwonsa kuma mai nauyi ne da yake hawa gira da gefen kai.

Akwai wata alama da ta fi sauran amfani. A rufe idon da ya ji rauni da hannu a hankali, a haska tocila a lafiyayyen. Idan mutum ya ji zafi ya soke shi a idon da yake rufe, to kumburin a ciki yake, domin ƙofofin idanu biyu tare suke tsukewa ko da ɗaya kaɗai haske ya shiga. Wanda ya ga wannan alama ya kama hanyar asibiti a ranar. Haka kuma wanda ya ga ganinsa ya ragu, ko farin ɗigo ya fito a kan baƙin ido, ko wani farin abu kamar mugunya ya kwanta a ƙasan baƙin ido, ko yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko ciwon kai da amai sun taso. Yaro ƙarami ba zai iya bayani ba, sau da yawa ma yakan ɓoye raunin don tsoron faɗa, saboda haka idan uwa ta ga ɗanta yana runtse ido ɗaya, yana gudun tsakar gida da rana, ta tambaye shi cikin lallashi ko wani abu ya same shi a wurin wasa ko a makaranta.

Abin da ba a zubawa

Na san cewa wanda ya ɗiga wa ɗansa nonon uwa, ko ruwan sukari, ko zuma, ko ruwan albasa, ko ruwan wani ganye, tausayi ne ya sa shi, kuma ya ga iyayensa sun yi. Amma idon da aka ƙarzana ƙofarsa a buɗe take, duk abin da aka zuba yana shiga da ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, kuma hakiyar da muke gani a idanun mutane da yawa a ƙauyukanmu wani lokaci daga nan take samo asali. Haka lasar ido da harshe, da hura shi da baki, da ƙoƙarin ciro haki da tsinke ko bakin ashana. A ajiye kwalli ma har sai an warke. Idan ƙura ce ko ɗan haki, ruwa mai tsabta ya isa, idan kuma bai fita ba a bar wa ma'aikacin asibiti.

Abin da ya fi ba ni tsoro a yau shi ne maganin ɗigawa na kemis mai ɗauke da sinadarin siteroyid, wanda za a ga an rubuta dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone a jikin kwalinsa. Wannan magani yana kwantar da ja da zafi cikin kwana ɗaya, shi ya sa mai sayarwa da mai saye duka suke yabonsa. Shi ne kuma ainihin maganin da likita yake bayarwa idan ya tabbatar kumburin ciki ne kuma tantanin gaban ido lafiya lau yake. Amma idan akwai miki, musamman irin wanda kara ko ƙaiƙayi ya jawo, wanda galibi ƙwayoyin cuta dangin fumfuna ne suke haddasa shi, siteroyid yana ɗaure hannun garkuwar jiki ne ya bar cutar tana ci, idon ya yi fari ya daina ciwo na 'yan kwanaki alhali mikin yana zurfi, har ya kai ga hujewa. Manomin da ganyen dawa ya shafe shi a ido lokacin girbi shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya taɓa wannan kwalba ba tare da an duba shi ba. Babu wanda zai iya bambance waɗannan cututtuka da ido tsirara a bakin kanta, komai daɗewarsa a sana'ar.

Jini a cikin ido, da batun sikila

Jini iri biyu ne. Wanda ya bazu a kan farin ido ya yi jawur yana da ban tsoro, amma idan shi kaɗai ne kuma gani bai ragu ba, yakan washe da kansa cikin mako biyu zuwa uku. Mai haɗarin shi ne wanda ya taru a gaban baƙin ido, a bayan tantanin nan mai haske, wanda idan mutum ya zauna na ɗan lokaci za a ga ya kwanta a ƙasa ya yi layi kamar ruwa a cikin kofi. Wannan jini yana iya toshe magudanar ruwan ido, ƙarfin ruwan ya hau, ya danne jijiyar gani. Jijiyar da ta fashe kuma tana iya sake ɓallewa, galibi tsakanin kwana na 2 da na 5, kuma zubar ta biyu takan fi ta farko muni.

Mai irin wannan rauni yana bukatar hutu sosai, ya kwanta da kansa a ɗage a kan matasai biyu ko uku domin jinin ya kwanta ƙasa, ya bar ɗaukar kaya da hawa babur da duk wani aikin sunkuyo. Ya tambayi likita game da ruku'u da sujada, domin a kwanakin farko ana iya ce masa ya yi salla a zaune da nuni, kuma addini ya ba marar lafiya wannan sauƙi. Kada ya sha asfirin, ko ibuprofen, ko diclofenac, ko haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake sayarwa a ƙulle a leda, saboda suna hana jini daskarewa.

Batun sikila ya shafe mu kai tsaye, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS. A cikin ruwan ido ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe su yi tauri su toshe magudanar, kuma wannan yana faruwa har ga mai AS wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba a rayuwarsa. Jini kaɗan yana iya ɗaga ƙarfin ruwan idonsa, jijiyar ganinsa kuma ba ta jure hawan kamar ta sauran mutane, sannan akwai magungunan sauke ƙarfin ido da ba a ba shi. Saboda haka wanda ya san rukunin jininsa ya faɗa wa likita tun kafin a tambaye shi, wanda bai sani ba kuma ya nemi a gwada.

A asibiti

A nemi wurin da yake da sashen ido na musamman. A cikin Katsina akwai asibitin ido na jiha da kuma sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya. Wanda yake Daura ko Mai'aduwa ko Zango ko Sandamu ya fara da babban asibitin da ya fi kusa da shi, ya nemi ma'aikacin ido, idan an tura shi gaba kuma ya tafi a ranar, kada ya koma gida jiran ranar kasuwa. Raunin da ya fi ƙarfin nan akan tura shi Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. A tafi da duk kwalaben da aka riga aka ɗiga, a kuma faɗi gaskiyar abin da aka zuba da ranar da aka ji raunin da abin da ya yi shi, ko da bulala ce a gida, domin likita magani yake nema da wannan bayani.

Za a fara da gwada gani a allon haruffa. Sannan a ɗiga wani ruwa mai launin rawaya wanda yake sa duk wata ƙarzanewa ta yi kore a ƙarƙashin shuɗin haske. Sai a zaunar da mutum a gaban wata na'ura, ya ɗora haɓa da goshi, likita ya aika siririn haske cikin idon. Wanda ya taɓa zama a ɗaki mai duhu ya ga hasken rana ya ratso ta hudar taga, ƙura tana yawo a cikinsa, ya ga irin abin da likita yake nema: a lafiyayyen ido hasken yakan wuce ba a ga komai, a mai kumburi kuwa ana ganin fararen ƙwayoyin jini suna shawagi a cikinsa. Za a auna ƙarfin ruwan ido, wanda a ƙa'ida yake tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likita, a kuma buɗe ƙofar ido da magani a leƙa tantanin bayan ido, wanda yake karɓar hoton abin da ake gani, ko ya yage. Idan an huda ido ko an yanke fata za a tambayi allurar tetanus.

Yadda ake amfani da maganin

Galibi magani biyu ake bayarwa. Ɗaya yana buɗe ƙofar ido ya hana tsokar motsi, kamar yadda ake ɗaure karaya don ta huta, kuma yana hana baƙin ido mannewa da abin da ke bayansa, mannewar da idan ta kama takan bar ƙofar a karkace har abada. Wannan magani yana sa gani na kusa ya dushe, karatu ya gagara, hasken rana ya yi yawa, kuma idan wanda ake kira atrofin ne tasirinsa yana iya kai mako biyu bayan an daina. Mutane da yawa sukan tsorata su ce magani ya ƙara lalata ido su watsar da shi, alhali aikinsa ke nan. Baƙin tabarau da hula mai baki suna taimakawa. A ɓoye kwalbar nesa da yara, domin guba ce idan aka sha, kuma idan yaron da ake ɗiga wa ya yi zazzaɓi, fuskarsa ta yi ja, bakinsa ya bushe, a dakata a koma asibiti.

Na biyun shi ne siteroyid, wanda a kwanakin farko ana iya cewa a ɗiga sau huɗu a rana ko fiye. Idan mai kama da madara ne a girgiza kwalbar sosai kafin kowace ɗigawa, in ba haka ba ruwa kawai ake zubawa maganin yana kwance a ƙasa. Ba a daina shi rana ɗaya don an ji sauƙi, likita ne yake rage shi mataki-mataki, saboda yankewa kwatsam tana sa kumburin ya dawo. Ba a kuma ci gaba da sayensa bayan wa'adin ya cika, domin daɗewa a kansa yana jawo hawan jinin ido, wato hauhawar ƙarfin ruwan ido, da yanar ido, kuma hawan jinin ido ba ya sanarwa sai ya gama ɓarna.

Wajen ɗigawa a wanke hannu da sabulu, a ɗaga kai, a ja fatar ido ta ƙasa ta yi ɗan aljihu, a saki ɗigo ɗaya tak ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashinsa ba. A lumshe ido na minti biyu, a ɗora yatsa a kusurwar da ke kusa da hanci a danna a hankali, domin ta nan magani yake gangarawa maƙogwaro. A bar minti 5 tsakanin magani da magani, idan akwai na shafawa shi ne na ƙarshe. Kwalbar da aka buɗe ba ta wuce mako 4, kuma ba a ajiye ragowarta don wani ya yi jan ido a gidan. Hanya mafi sauƙi ta tuna lokaci ita ce a haɗa ɗigawar da lokutan salla. Idan jinyar ta faɗo cikin azumi, a tambayi malami hukuncin, a kuma gaya wa likita, amma kada mutum ya tara ɗigawar yini guda ya zuba bayan buɗa-baki bisa ra'ayin kansa.

Kumburin da bugu ya jawo yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ranar komawa asibiti da aka rubuta a kati tana cikin maganin, ko da idon ya yi fari tas, domin a ranar ce ake sake auna ƙarfin ido a yanke shawarar rage siteroyid.

Bayan an warke

Bugu mai ƙarfi yakan tsaga magudanar ruwan ido ta ciki, kuma hawan jinin ido yana iya biyo baya bayan watanni ko shekaru masu yawa ba tare da ciwo ba. Wanda jini ya taɓa taruwa a cikin idonsa ya riƙa zuwa ana auna masa ƙarfin ido sau ɗaya a shekara har iyakar rayuwarsa. Yanar ido ma tana iya fitowa a idon da aka buga tun mutum yana matashi. Idan kuma aka fara ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa suna yawo kamar ƙudaje, ko wani duhu yana saukowa kamar labule, to tantanin bayan ido ne yake ɓallewa, kuma kwanaki kaɗan ne tsakanin gyara da asara.

Akwai wani abu da ba kasafai yake faruwa ba, amma duk wanda aka huda wa ido ya kamata ya san shi. Bayan irin wannan rauni garkuwar jiki tana iya juyowa ta far wa lafiyayyen idon da ba abin da ya taɓa shi, galibi cikin watanni uku na farko, mafi yawa dai cikin shekara guda, wani lokaci kuma bayan shekaru. Louis Braille, wanda ya ƙirƙiro rubutun makafi, an haife shi a Faransa a 1809, ɗan baduku ne mai ɗinkin kayan doki, kuma yana da shekara 3 ya soki idonsa ɗaya da abin huda fata a shagon mahaifinsa, kafin ya kai shekara 5 ɗaya idon ma ya tafi. A yau ana iya tare wannan ciwo da magani idan an zo da wuri. Saboda haka wanda ya taɓa samun huda a ido ɗaya, ya ji ɗayan ya fara gudun haske, ko ya yi ja, ko karatu ya fara yi masa wuya, ya je wurin likitan ido a ranar, ya kuma ambaci tsohon raunin ko da ya shekara ashirin.

Wanda ganin ido ɗaya ya riga ya raunana ya nemi tabarau mai gilashin roba marar fashewa ya riƙa sawa kullum, a gona da kan babur da wurin aiki. Mai walda da mai wasa ƙarfe da mai kwaɓa siminti su sa tabarau na kariya mai rufe gefe, su kuma saya wa yaran shagonsu, domin yaron da yake riƙe ƙarfe ana yanka shi ne fuskarsa ta fi kusa da tartsatsin. Mai ɗaure kaya da roba kuma ya kawar da fuskarsa daga saitin da robar za ta dawo idan ta kuɓuce, ya sauya ta da zarar ta fara tsagewa.